Fim Ashirin a Faifai Ɗaya: Ina Sauran Hoton Ya Tafi?

Duk wanda ya yi zamani da injin DVD a falo ya san faifan nan mai kwali cike da fuskokin jarumai, wanda aka rubuta wa fim goma, ko ashirin, wani ma har talatin, duk a faifai guda. Da ɗan kuɗi kaɗan ka tafi gida da kallon mako guda. Sai an saka faifan ake ganin abin da aka sayo: fuskar jarumi kamar an yi mata yaɓe da hannu, in an fara rawa ko faɗa hoton ya tarwatse ya zama ƙananan akwatuna, rubutun fassara kuwa sai ka matso kusa kana kanne ido.

Hukuncin da aka saba yankewa shi ne wai an rage girman hoton, shi ya sa ya lalace. Wannan sharhi ya yarda da rabin hukuncin ne kawai. Rage yawan ɗigon hoto don ya shiga faifai dabara ce mai ma'ana, kuma lissafi yana goyon bayanta. Laifin yana wasu wurare uku: raunin da aka bari a cikin tsarin VCD tun farko, kwaɗayin masu cusa fina-finai fiye da ƙima a DVD, sai kuma mafi muni, barin kwafin kasuwa ya zama shi ne kwafin ajiya. Na ukun nan har yau muna biyan bashinsa.

Lissafin da ya haifi VCD

Kalmomi biyu za su yi ta dawowa. Ɗigo shi ne ƙaramin tabon launi wanda in an jera dubbansa suke zama hoto a allo. Bit kuma shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayani a kwamfuta, takwas ɗinsa ke yin bayit guda.

Faifan CD ya fito kasuwa a 1982, kuma don waƙa aka ƙera shi. Lezar da ke karanta shi tana wuce sashe 75 a kowane sakan, kowane sashe da bayit 2,352, wato kusan kilobit 1,411 a sakan. Iyakar abin da bututun zai iya zubarwa ke nan. Shi kuwa hoton talabijin irin namu, in an mayar da shi lambobi yadda ake yi a situdiyo, ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye, hoto 25 a sakan. Wannan yana cin kusan megabit 166 a sakan. A zuba shi haka a CD, faifan zai cika kafin sakan 40.

To ta yaya za a tura abin da ya fi bututu girma sau ɗari da wani abu? Aikin da kwamitin MPEG ya sa a gaba ke nan, wanda Leonardo Chiariglione na Italiya da Hiroshi Yasuda na Japan suka kafa a 1988. A 1993 aka fitar da ƙa'idar MPEG-1, kuma a shekarar ne kamfanonin Philips da Sony da Matsushita da JVC suka amince da tsarin VCD.

Mataki na farko shi ne yanka hoton. Aka raba faɗi biyu, aka raba tsayi biyu, ya koma ɗigo 352 sau 288, jimilla 101,376, kusan rubu'in na asali. Lambar 288 ba a banza ta zo ba. Tsohuwar talabijin ba ta zana layuka 576 a tashi ɗaya. Tana zana rabi, layi ɗaya a tsallake ɗaya, sannan ta dawo ta cike giɓin. VCD rabi ɗaya ya ɗauka ya bar ɗayan. Ita ma 352 an zaɓe ta a maimakon 360 saboda tana rabuwa da 16 ba saura, kuma yanzu za mu ga amfanin haka. A ƙasashen da ke bin tsarin talabijin na Amurka da Japan, tsayin 240 ne.

Mataki na biyu, aka rage launi. Idon mutum ya fi kula da haske da duhu a kan launi, don haka kowane ɗigo huɗu suka yi tarayya a bayanin launi guda. Bayan wannan duka, saura kusan megabit 30 a sakan, alhali kason da aka ware wa hoto kilobit 1,150 ne, sauti kuma 224. Saura matsewa sau 26 ke nan.

Yadda ake matse sauran

A nan akwatunan da muke gani suka samo asali. Ana yanka kowane hoto gida-gida, kowane gida ɗigo 16 sau 16, wato gida 22 a kwance, 18 a tsaye, 396 gaba ɗaya. Kowane gida kuma ana sake yanka shi zuwa ɗakuna masu ɗigo 8 sau 8. Sai a bi kowane ɗaki da wani lissafi da Nasir Ahmed, injiniya ɗan asalin Indiya, ya wallafa tare da abokan aikinsa biyu a 1974. Lissafin yana ware abin da ke ɗakin kashi-kashi: ga matsakaicin haske, ga manyan sauye-sauye, ga ƙananan zane irin saƙar yadi ko gashin gira. In wuri ya yi ƙaranci, ƙananan ake fara zubarwa. In ya ƙara matsewa, a zubar da na tsakiya. In abin ya kai maƙura, matsakaicin haske kaɗai ke saura, ɗakin ya zama fili mai launi ɗaya wanda bai dace da maƙwabcinsa ba. Akwatin ke nan.

Dabara ta biyu ita ce ƙin maimaita abin da bai canza ba. Cikakken hoto ana ajiye shi ne kamar sau biyu a sakan. Sauran hotunan da ke tsakani saƙo ne kawai: gidan nan ya matsa dama kaɗan, wancan yana nan yadda yake, ga ɗan bambancin da ya shigo. In mutum na zaune a kujera yana magana, bango bai motsa ba, saƙon gajere ne. In kyamara na juyawa, ruwa na zuba, 'yan rawa goma na tsalle cikin atamfa mai zane, kusan kowane gida sabo ne, saƙon sai ya fi ƙarfin kason.

Abin da suka yi daidai

Ga lissafin da ya kamata mai zargin rage ɗigo ya duba. A raba kilobit 1,150 ga ɗigo 101,376 sau 25, kowane ɗigo zai samu kusan bit 0.45. Yanzu a ɗauki DVD na ƙwarai, mai cikakken hoto 720 sau 576, a kan megabit 5 a sakan, wanda kaso ne da aka saba gani a fina-finan kamfani. Kowane ɗigo zai samu kusan bit 0.48. Ashe kusan guzuri ɗaya suke ba kowane ɗigo. Da masu VCD sun nace sai sun riƙe cikakken hoto a kan kilobit 1,150, da kowane ɗigo ya tashi da bit 0.11, da kuwa ba abin da za a gani sai akwatuna daga farko har ƙarshe. Sun zaɓi ƙaramin hoto mai ƙoshi a kan babba mai yunwa. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Kuma sun san allon da za a kalla. Tsohuwar talabijin mai tudun baya, inci 14 ko 21, tana zana hoto da haske mai ɗan yaɗuwa, wanda ke shafe gefen akwatunan. Mai kallo daga tabarma ko kujera, taku huɗu ko biyar daga allo, bai cika ganin aibin ba. Abokin gasar VCD a lokacin kaset ɗin VHS ne, kuma a wajen kaifin hoto kusan kunnen doki suka yi. Sai dai faifai ba ya buƙatar a mayar da shi baya, injin ba ya cinye masa zare, kallo sau ɗari ba ya goge shi, laima ba ta sa masa fumfuna yadda take yi wa kaset.

Turai da Amurka ba su karɓi VCD ba, don gidajensu sun riga sun cika da injin kaset mai iya naɗar shirin talabijin, kuma DVD na kan hanya. A Asiya abin ya kama. Kamfanin Wanyan na lardin Anhui a ƙasar Sin ya fito da injin VCD na gida tun 1993, wasu kamfanoni suka biyo baya da yawa har farashi ya faɗi warwas. Daga Sin da Hong Kong ya bazu Maleshiya da Indunusiya da Filifin da Indiya, daga can injinan masu araha suka iso kasuwanninmu. Fim ɗin Hausa, wanda ya fara da kaset tun Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, ya koma faifai a shekarun da suka biyo bayan 2000. Ga gidan da ba shi da hanyar zuwa silima, wannan ƙaramin hoto shi ne silimar. Wanda ya raina shi bai yi wa tarihi adalci ba.

Inda tsarin ya gaza

Yabo ya ƙare a nan, saura gyara.

Na farko, kason bit a VCD ƙayyadadde ne, ba ya hawa ba ya sauka. Dattijo na zaune yana nasiha, kilobit 1,150. An shiga waƙa, ana yanka hoto kowane sakan biyu, kilobit 1,150. A wurin nasihar kason ya yi yawa har a cike shi da bayanin banza, a wurin rawar bai isa ba. Kamar uwar gida ce da ke zuba wa jariri da manomi tuwo malmala ɗaya. Wannan ya fi cutar fina-finan Indiya da na Hausa, domin wurin da aka fi kashe kuɗi a kansa, wato waƙa da rawa, da leshi da ƙyalƙyali da sauya kaya, shi ne daidai wurin da tsarin ya fi rauni. Haka ma fitowar dare. Kyamara mai araha in haske ya yi ƙasa tana cika hoto da yayyafin ƙura, shi kuma injin matsewa bai san ƙura ba ce, sai ya ƙarar da kasonsa wajen zana ta, fuskar mutum ta tashi a tutar babu.

Na biyu, an sayar da kariya an sayi wuri. Faifan CD na kwamfuta yana ajiye bayit 2,048 a kowane sashe, ya ware wasu don gyara kuskure in faifan ya samu ƙarzuwa. VCD ya karɓe bayit 276 daga cikin na gyaran ya zuba bidiyo, sashe ya koma 2,324. Shi ya sa faifan da aka rubuta wa megabayit 700 yake ɗaukar bidiyon da ya kusa megabayit 800, wato minti 80. Ribar kashi 13 cikin ɗari ke nan. Tunanin masu tsarin shi ne ɗan kuskure a bidiyo ba zai dami kowa ba. Amma tunda yawancin hotunan saƙo ne da ya dogara da na baya, kuskure ɗaya sai ya yi ta haihuwa har cikakken hoto na gaba ya zo. Koren akwatunan nan da ke mamaye allo, da ƙarar tsuwwa, da cijewar faifai a daidai inda labari ya yi daɗi, yawanci daga nan suke. A ƙasar ƙura, inda faifai ke yawo gida-gida ba kwali, wannan ciniki ne da mai kallo ya faɗi.

Na uku, VCD ba shi da wurin ajiye rubutun fassara daban, dole a manna shi cikin hoton. Harafi kuwa kaifin gefe ne da shi, irin abin da lissafin matsewa ke fara zubarwa. Ga kuma matsalar fim mai faɗi. Fim ɗin silima da faɗinsa ya ninka tsayinsa sau biyu da wani abu, in an saka shi a allon VCD, baƙin fili ne zai cinye sama da ƙasa, ainihin hoton ya tsira da layi kamar 160 daga cikin 288.

An yi ƙoƙarin gyara. A 1998 aka fito da SVCD, wanda ƙasar Sin ta tsaya masa, mai ɗigo 480 sau 576 da kason bit mai hawa da sauka. Hoton ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma faifai ɗaya bai cika wuce minti 35 zuwa awa guda ba, fim ɗaya sai faifai biyu ko uku. Masu sha'awar abin a intanet kuma suka bi ta ɗaya ɓangaren, suka fito da irin su KVCD, inda ake sauya jadawalin matsewa har awa biyu ta shiga CD ɗaya. Dabarar ta burge, sai dai wani injin ya karanta, wani ya ƙi. Alhali amfanin ƙa'ida ai shi ne ka saya a Kano ya yi a Zinder.

Ƙofar da DVD ya bari a buɗe

DVD ya fito a Japan a ƙarshen 1996. Girmansa ɗaya da CD, amma lezarsa ta fi siriri, layukansa sun fi matsuwa, sai ya ɗauki gigabayit 4.7, mai hawa biyu kuma 8.5. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ƙa'idar DVD ba ta tilasta cikakken hoto ba. Ta halatta girma huɗu a tsarinmu: 720 sau 576, 704 sau 576, 352 sau 576, da kuma 352 sau 288, wato girman VCD. Ta kuma yarda da MPEG-1. Ma'ana, ana iya ɗauko hoton VCD yadda yake, ba tare da an sake matse shi ba, a jera shi a DVD, injin gida ya karanta. Sauti kawai ke buƙatar gyara, domin VCD yana auna sauti sau 44,100 a sakan, DVD kuma 48,000 yake so.

To nawa zai shiga? Hoto da sautin VCD a haɗe kilobit 1,374 ne a sakan. Faifan gigabayit 4.7 zai ɗauki awa bakwai da 'yan kai, wato faifan VCD biyar cif, ko fim huɗu zuwa biyar masu minti 90. Mai hawa biyu zai ɗauki awa 13 da rabi, fim tara ke nan. Wannan aiki ne mai tsafta. Hoton bai ƙaru ba, bai kuma ragu ba, kuma ya samu kariyar DVD wadda ta fi ta VCD ƙarfi. Mai faya-fayan biki ko na karatu da ya tattara su haka, ya yi dabara.

Iyakar gaskiya ke nan: biyar a mai hawa ɗaya, tara a mai hawa biyu. Duk abin da ya haura haka, daga jikin hoton aka yanko.

Inda kwaɗayi ya shigo

A ɗauki fim ashirin, kowane minti 90. Awa 30 ke nan. A faifai mai hawa biyu, kowane sakan zai samu kusan kilobit 630, hoto da sauti a haɗe. A cire wa sauti kamar 128, hoto ya tsira da 500, ƙasa da rabin abin da VCD ke bayarwa, kowane ɗigo da bit 0.2. In faifan mai hawa ɗaya ne, duka-duka kilobit 350 ne za a raba. In kuwa fina-finan Indiya ne masu awa uku, a sake rabawa biyu. Mai haɗa faifan ba shi da ikon ƙara rage ɗigo, domin 352 sau 288 shi ne ƙasan ƙa'ida. Ba shi kuma da ikon amfani da sabuwar hanyar matsewa irin H.264 ta 2003, wadda za ta iya fitar da hoto mai kyau a kan kilobit 500, domin ƙa'idar DVD ba ta san ta ba. Abin da ya rage masa shi ne ya ƙara wa kunun ruwa.

Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne tushen da ake kwafowa. Sau da yawa fim ɗin an riga an matse shi sau ɗaya, a VCD ko a fayil ɗin intanet. Matsewa ta biyu ba ta san akwatunan farko aibi ba ne, tana ɗaukarsu wani ɓangare na hoton, ta kashe bit wajen adana su, sannan ta ɗora nata a kai. Kamar hoton takarda ne da aka yi wa fotokwafi, aka sake yi wa kwafin fotokwafi. Sautin ma bai tsira ba. In an sauya shi daga 44,100 zuwa 48,000 da ganganci, sai baki ya riga magana ko magana ta riga baki, muryar namiji ta ɗan yi siriri.

Mai saye kuwa kalmar DVD ya gani a kwali, ya ɗauka ya ci gaba daga VCD, alhali baya ya koma. Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma mai saye yana da haƙƙin ya san me ya saya. Kuma yawancin irin waɗannan faya-fayai na masu satar fasaha ne. A zamanin kaset, kwafi na biyu ya fi na farko muni, na uku ya fi na biyu, don haka na asali yana da abin tinƙaho. Da faifai ya zo, kwafin VCD ba ya bambanta da na asali ko da bit ɗaya, kuma ba a saka masa wani makulli ba. DVD mai fim ashirin ya ƙarasa aikin: wa zai sayi fim ɗaya alhali ga ashirin a gefensa?

Masu kare lalataccen hoto

Akwai masana da suka kalli wannan hoto da idon rahama. Brian Larkin, masanin halayyar al'umma da ya yi bincike a Kano, ya nuna a littafinsa Signal and Noise na 2008 cewa hanyoyin kwafi da rarrabawa na satar fasaha, irin na kasuwar Ƙofar Wambai, su ne suka shimfiɗa titin da fim ɗin gida ya hau daga baya, kuma dusasshen hoto da gurɓataccen sauti sun zama wani ɓangare na yadda mutane suka saba kallo. Hito Steyerl, 'yar Jamus mai shirya fim, ta rubuta maƙala a 2009 tana kare matalaucin hoto, bisa hujjar cewa sauƙinsa ne ke ba shi ƙafa ya isa inda mai tsada ba ya zuwa.

A matsayin bayanin abin da ya faru, maganarsu tana kan hanya. Hatsarin yana wajen wanda zai ɗauke ta ya mayar da ita uzuri. Mai kallo a Gusau ko Maraɗi bai zaɓi akwatuna don yana sha'awarsu ba, abin da ya samu ke nan, da babu gara ba daɗi. Sannan akwai mutanen da aikinsu ne ke cikin ƙananan zanen da aka zubar: mai ɗaukar hoto da ya jira hasken yamma, mai kwalliya, telan da ya yi aikin wuyan riga. In an saba da cewa komai zai ƙare a ɗigo 352 mai yunwa, sai mai shirya fim ya fara tambayar kansa, to wahalar me zan yi wajen haske? Allon da aka saba da shi yana koya wa masana'anta iyakar ƙoƙarinta.

Asarar da ba ta dawowa

Duk abin da aka lissafa a sama da sauƙi in ainihin fim ɗin yana nan a ajiye. Kaset ɗin MiniDV, wanda aka ɗauki fina-finai da bukukuwa da yawa da shi a wancan zamani, yana naɗar cikakken hoto 720 sau 576 a kan megabit 25 a sakan, awa ɗaya kusan gigabayit 13. Ɗigonsa ya ninka na VCD sau huɗu, bit ɗinsa ya ninka fiye da sau ashirin. VCD inuwarsa ce kawai, an yi shi ne don kasuwa da talabijin ɗin lokacin.

Amma a leƙa YouTube a nemi tsofaffin fina-finan Hausa. Da yawansu da gani ka san daga faifai aka kwaso su. YouTube ya sake matse su, wani ya sauke, mai turi ya zuba a memori, WhatsApp ya ƙara matsewa. Allon kuma ya canza. Filasma mai ɗigo 1,920 sau 1,080 tana shimfiɗa kowane ɗigon VCD a kan ɗigonta goma sha wani abu, ta nuna kowane akwati tsirara, ba yaɗuwar hasken da za ta rufa masa asiri.

Wasu na cewa ai ƙirƙirarriyar basira za ta gyara. Manhajojin nan suna fitar da hoto mai santsi, amma ya kamata a gane me suke yi. Abin da aka zubar ba ya cikin fayil ɗin. Manhajar tana duba dusasshiyar fuska ne ta yi hasashen yadda fuska ta saba kasancewa, bisa hotunan da aka horar da ita da su, sai ta zana. Tana iya goge tsagar gado a kumatun dattijo don ta ɗauka ƙura ce, ta ba wa jaruma haƙoran da ba nata ba. Don nishaɗi ba laifi. A matsayin tarihi kuwa, zane ne aka ɗora a kan shaida.

Saboda haka, mai tsofaffin kaset na kyamara, ko furodusa ne ko mai ɗaukar biki, ya nemi a kwashe su zuwa kwamfuta da cikakken girmansu tun injinan da ke karanta su ba su ƙare ba, ya ajiye kwafi biyu a wurare biyu. Wanda VCD kaɗai ya rage masa, ya kwafe fayil ɗin da ke cikin jakar MPEGAV, masu suna irin AVSEQ01.DAT, yadda suke, kada ya sauya su zuwa wani tsari sannan ya goge na asali. In DVD ne, jakar VIDEO_TS gaba ɗayanta. In ana son ƙaramin kwafi na waya ko wanda aka goge da manhaja, a yi shi daga wannan, a ba shi suna daban. A kuma fara da faya-fayan da aka buga a kwamfutar shago, masu bayan kore ko shuɗi ko ruwan hoda, domin rini ne ke riƙe bayaninsu, kuma zafi da rana suna cin sa. A CD, bayanin yana dab da fuskar da ake rubutu a kai, ƙarzuwa ta nan ta fi ta ƙasa illa, don haka a daina kifa shi a kan tebur da sunan kare shi.

Masu VCD sun rage hoto ne bisa zaton cewa na asali yana nan a wani wuri. Ga fina-finai da bukukuwa da karatuttukan da aka ɗauka a wancan zamani, ko zaton zai tabbata ya dogara ne da wanda kaset ɗin ke cikin durowarsa yau.